Jagorar Karatun Oganik Kemistiri: Yadda Za Ka Riƙe Riyakshan da Mahaɗansu Har Ranar Jarrabawa

A makarantu da yawa, ɓangaren oganik, wato kemistirin sinadaran kabon, shi ne ake isowa a makare. Ana ta fama da lissafin mol da dokokin gas har zango ya ƙare, sai a shiga oganik a guje, ga JAMB a bakin ƙofa, WAEC da NECO na biye. Ɗalibi ya buɗe littafi ya ga shafi bayan shafi na ikweshan, kowanne da kibiyarsa da ɗan rubutu a kanta, sai ya ce bari ya haddace. Ya kuwa haddace, don wajen hadda ba a bar mu a baya ba. Amma ranar jarrabawa da zarar an canza masa etanol da wani ɗan uwansa mai kabon uku, ko an ce asid sirkakke inda ya saba ganin mai kauri, sai komai ya watse.

Sinadaran kabon da aka sani sun kai miliyoyi, babu mahalukin da zai haddace su. Abin da ke sa su yin riyakshan kuwa 'yan rukunoni ne da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu biyu ba a matakin sakandare. Wanda ya san halin rukuni ɗaya ya san halin danginsa duka. Saboda haka hanyar da zan bi da kai ita ce ka san rukunonin, ka ɗinke riyakshan ɗinsu wuri guda a taswira, ka riƙe kowane mahaɗi tare da yanayin da yake aiki a ciki, sannan ka riƙa gwada kanka littafi a rufe. Idan na ce mahaɗi, ina nufin sinadarin da ake zubawa don a jawo canjin, wanda ake rubutawa a kan kibiya.

Zane da suna tukuna

Kada ka taɓa riyakshan ko ɗaya sai ka iya zana sinadari daga sunansa, ka kuma raɗa masa suna daga zanensa. Kabon ɗauri huɗu yake yi, babu ƙari babu ragi. Haidirojin ɗaya, oksijin biyu, naitirojin uku. Duk zanen da ka gama, ka bi kabon ɗin ɗaya bayan ɗaya ka ƙirga ɗaurinsu, don kabon mai ɗauri biyar kuskure ne da mai maki ba ya yafewa.

Suna kashi biyu ne. Farkonsa yana faɗa maka yawan kabon: meth- ɗaya, eth- biyu, prop- uku, but- huɗu, pent- biyar, hex- shida. Ƙarshensa kuma yana faɗa maka dangi. Mai ƙarewa da -ane alkan ne, ɗaurinsa ɗai-ɗai. Mai -ene alkin ne, yana da C=C. Mai -yne alkain ne, yana da C≡C. Mai -ol alkanol ne, yana ɗauke da –OH, mai -al alkanal ne, yana da –CHO a bakin sarƙa, mai -one alkanon ne, yana da C=O a tsakiyar sarƙa, mai -oic acid yana da –COOH, mai -oate kuma esta ne. Na rubuta waɗannan gaɓoɓin yadda za ka gan su a takardar jarrabawa. Daga nan zan riƙa kiran sunayen yadda muke furta su, tare da fomula inda ya kamata.

Abu biyu ka ƙara a wannan mataki. Na farko, rabon alkanol gida uku. Ka dubi kabon ɗin da ke riƙe da –OH, ka ƙirga kabon nawa ke manne da shi: ɗaya, firamare, biyu, sakandare, uku, tashiyari. Wannan ɗan ƙirgen shi zai amsa maka tambayoyi masu yawa nan gaba. Na biyu, sunayen mahaɗai irin na manhajarmu. Takardar WAEC za ta iya kiran H2SO4 da tetraoxosulphate(VI) acid, ta kira KMnO4 da potassium tetraoxomanganate(VII), K2Cr2O7 kuma potassium heptaoxodichromate(VI). Abin takaici ne ɗalibi ya san riyakshan sarai amma ya bar tambaya don bai gane mahaɗin a cikin dogon sunansa ba. Ka ware shafi guda ka jera fomula da sunan kowanne.

Me ya sa suke yin abin da suke yi

Kusan duk abin da za a tambaye ka yana cikin ɗayan huɗu: maye gurbi, ƙari, cirewa, ko oksideshan da kishiyarsa ridakshan. Alkan a cike yake, ba shi da gurbin karɓar baƙo, don haka sai dai a fitar da haidirojin a sa wani a madadinsa. Shi ya sa metan da kulorin a hasken rana suke ba da CH3Cl, sannan CH2Cl2, CHCl3, har CCl4. Alkin da alkain suna da ɗauri na biyu ko na uku da za a iya kwancewa, don haka ƙari ne aikinsu. Cirewa ita ce komawa baya, a zare ruwa ko HBr daga maƙwabtan kabon biyu a mayar da C=C. A oksideshan kuma ana ƙara oksijin ne ko a rage haidirojin.

A ƙarƙashin wannan duka magana ɗaya ce: wuri mai yalwar ilektiron yana neman wuri mai ƙarancinsa. C=C yana da yalwa, shi ya sa H⁺ da buromin suke afka masa. Kabon ɗin da ke manne da buromin ko kulorin ko oksijin an janye masa ilektiron, shi ya sa OH⁻ da CN⁻ da NH3 suke nufarsa. Idan wannan ya zauna maka, ko an kawo riyakshan da ba ka taɓa gani ba za ka iya cankar inda za a dosa.

Taswira: a nan aikin yake

Sami babbar takarda, ko ka ciro tsakiyar littafin rubutu ka buɗe ta a kwance. Da fensir za ka fara. Rubuta etin, CH2=CH2, a hagu, ka rubuta etanol, CH3CH2OH, a tsakiya. Duk abin da zai biyo baya daga waɗannan biyun zai fito.

Ja kibiya daga etin zuwa etanol, ka rubuta a kanta: tururi, H3PO4, kimanin 300°C, matsi mai yawa. Ja wata ta dawo daga etanol zuwa etin: H2SO4 mai kauri da yawa, 170°C. Tsaya a nan ka ja ta uku daga etanol zuwa sama: H2SO4 mai kauri, 140°C, etanol ya fi yawa, a sami C2H5OC2H5. Ka lura, mahaɗin bai canza ba, zafi da yawan abin da aka zuba ne suka canza, sakamako ya zama daban. Masu shirya tambaya suna son wannan wurin ƙwarai.

Koma kan etin. Ƙasa da shi ka rubuta etan, kibiyarsa ɗauke da H2 da nikel, kimanin 150°C. Irin wannan riyakshan ne ake yi wa man gyaɗa da sauran mayukan tsirrai a daskarar da su su zama majarin. Wata kibiyar da Br2 ta kai ka CH2BrCH2Br. Wata da KMnO4 sirkakke mai sanyi ta kai ka CH2OHCH2OH. Wata kuma ta nufi ledar da muke zuba kaya a ciki, wato dubban etin sun kama juna sun zama doguwar sarƙa. Ta ƙarshe da HBr ta kai ka buromoetan, CH3CH2Br.

Buromoetan mararraba ce, ka ba shi fili. Idan aka dafa shi da KOH da aka narkar a ruwa, OH⁻ zai ture buromin ya zauna, a sami etanol. Idan kuwa a cikin etanol aka narkar da KOH ɗin aka ba shi wuta, HBr za a zare, a koma etin. KOH ɗaya ne, abin da aka narkar da shi a ciki ne ya raba hanya. Ka rubuta "a ruwa" da "a etanol" da jan biro. Ƙara kibiya biyu: da NH3 mai yawa a sami amin, wato mai ɗauke da –NH2, da KCN a cikin etanol a sami CH3CH2CN. Ka sa wa ta KCN alama ta musamman, don a nan kabon ya tashi daga biyu zuwa uku.

Yanzu daman etanol. K2Cr2O7 ko KMnO4 tare da H2SO4 sirkakke za su kai shi etanal, CH3CHO, daga nan su wuce da shi asid etanoyik, CH3COOH, wanda shi ne tsamin da ke cikin binega. In ana son a tsaya a etanal, sai a riƙa janye shi ta hanyar tururi yana samuwa, abin da ke da sauƙi tunda yana tafasa a kusan 21°C, etanol kuwa sai 78°C. In asid ake so, sai a zuba mahaɗin da yawa a dafa a kwalbar da ke mayar da tururi ciki. Daga asid ɗin, ka haɗa shi da etanol da 'yan ɗigon H2SO4 mai kauri, a sami esta CH3COOC2H5 mai ƙamshin 'ya'yan itace, da ruwa. Kibiyar wannan mai kai biyu ce, don riyakshan ɗin yana komawa baya. Dafa estan da NaOH, ya tsage ya ba da CH3COONa da etanol. Wannan ita ce hanyar sabulu: mai da kitse estoci ne, idan aka dafa su da soda ko ruwan toka sai su ba da sabulu da giliserol. Iyayenmu masu sabulun salo wannan riyakshan suke yi a tukunya tun kafin a buɗe makarantar boko. Daga CH3COONa kuma, gasa shi da soda laim, a sami metan. Sa wa wannan ma alama, don a nan kabon ya ragu daga biyu zuwa ɗaya.

Saura ƙofofin shiga biyu. A kusurwar sama ka rubuta kabaid, CaC2, wanda masu walda ke zuba wa ruwa su sami gas ɗin da ke ba su harshen wuta mai narka ƙarfe. Gas ɗin nan etain ne, C2H2. Daga shi akwai kibiya zuwa etin da H2, akwai zuwa etanal da H2SO4 sirkakke da HgSO4, akwai kuma zuwa benzin, C6H6, idan aka bi da shi ta bututun da ya yi jajur da wuta. A ɗaya kusurwar ka rubuta sitaci. Enzayim dayastes ya mayar da shi maltos, maltes ya mayar da maltos gulukos, zaimes da ke cikin yis ya mayar da gulukos etanol da CO2. Wannan CO2 ɗin ne ke tayar da ƙullin fanke da burodi.

Ka ƙirga kibiyoyin, za ka ga sun haura ashirin, kuma sun ɗauki kaso mai tsoka na abin da ake tambaya a sakandare, duk a takarda ɗaya. Nawa na ba ka misali ne kawai. Taswirar da za ta amfane ka ita ce wadda ka zana da hannunka, ka goge, ka sake.

Idan ta kabon biyu ta zauna, sake zana ta da kabon uku. A nan sabbin abubuwa biyu za su ɓullo. Furofin, CH3CH=CH2, ɓangarorinsa ba daidai suke ba, to ina H zai je ina Br zai je? Dokar da Markovnikov, masanin ƙasar Rasha, ya fitar a 1870 ta ce haidirojin yana zuwa kan kabon ɗin da ya riga ya fi yawan haidirojin. Don haka CH3CHBrCH3 ne zai fi yawa. Na biyu, alkanol ya zama iri biyu. CH3CH2CH2OH firamare ne, yana tafiya alkanal sannan asid. CH3CH(OH)CH3 sakandare ne, yana tsayawa a alkanon, CH3COCH3, wato asiton da mata ke goge jan farce da shi. Tashiyari sai an kai kabon huɗu, kuma shi waɗannan mahaɗan ba sa taɓa shi, don kabon ɗin da ke riƙe da –OH ba shi da haidirojin da za a cire.

Benzin ka ba shi ƙaramar takardarsa daban. Duk da zanensa yana nuna kamar yana da ɗauri biyu-biyu, ba ya kashe launin ruwan buromin, maye gurbi ya fi so. Da HNO3 da H2SO4 masu kauri, zafi ƙasa da 60°C, yana ba da C6H5NO2. Da kulorin da FeCl3 ko AlCl3 yana ba da C6H5Cl.

Katin mahaɗi

Taswira tana amsa tambayar "daga nan ina za a je". Akwai tambaya ta biyu: "wannan mahaɗin me yake yi?" Don ita, yanka kwalin sabulu ko na taliya ƙanana-ƙanana. A fuska ɗaya ka rubuta mahaɗi da yanayinsa. A baya ka rubuta rukunin da yake kamawa, abin da yake mayar da shi, da abin da ido zai gani. H2SO4 mai kauri shi kaɗai zai ci kati uku ko huɗu, don aikinsa a 170°C daban, a 140°C daban, wajen yin esta daban, wajen benzin daban. Kada ka taɓa rubuta mahaɗi tsirara ba yanayi. Mai kauri ne ko sirkakke, da zafi ko da sanyi, a ruwa ko a etanol, da haske ko a duhu: rabin amsar a nan take.

Launuka da gwaje-gwaje

Tambayar da ke cewa ka bambanta wannan da wancan ba ta ƙarewa, a rubuce ko a aikace. Ruwan buromin ja-ja ne mai ruwan ƙasa, alkin da alkain suna kashe launinsa, alkan ba ya yi. To yaya za a raba etin da etain tunda duka suna kashewa? AgNO3 da aka narkar a amoniya yana ba da farar laka da etain, CuCl a amoniya kuma laka ja mai ruwan ƙasa. Etin ba ya ba da komai. Sharaɗin shi ne C≡C ɗin ya kasance a bakin sarƙa da haidirojin a kansa, don haka CH3C≡CCH3 ba zai amsa ba.

K2Cr2O7 yana tashi daga ruwan lemo zuwa kore, KMnO4 mai asid daga shunayya zuwa marar launi. Alkanal da alkanon duka suna ba da laka ruwan lemo ko rawaya da 2,4-DNPH, amma alkanal ne ke mayar da ruwan Fehling daga shuɗi zuwa laka ja kamar jan bulo, shi ne kuma ke shafe cikin kwalbar gwaji da azurfa kamar madubi idan aka sa ruwan Tollens. Gulukos ma yana amsa Fehling, sukarin shayi kuwa ba ya yi sai an fara dafa shi da asid ya tsage. Aidin da NaOH da ɗan ɗumi suna ba da rawayar laka, CHI3, da alkanal ko alkanon mai ɗauke da CH3CO–, ko alkanol mai CH3CH(OH)–. A cikin firamare etanol ne kaɗai ke amsa wannan, don haka shi ne gwajin raba etanol da metanol. Gwajin Lucas, wato ZnCl2 a cikin HCl mai kauri, yana sa tashiyari ya gurɓace nan take, sakandare bayan 'yan mintuna, firamare kuma ya zauna garau in ba a ɗumama ba. Ga –COOH, zuba NaHCO3 ka ga kumfa.

Na san makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaji mai kaya, kuma abin yana damuna, don launin da ka gani da idonka ba ya ɓacewa kamar wanda ka karanta. Amma akwai biyu da za ka iya yi a madafi ba tare da haɗari ba. Jiƙa ɗan guntun kanwa a kofin gilashi, bari ta narke, ka matse lemon tsami a ciki. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa suna cizon gefen kofin, ka ji ɗan sautinsu in ka kara kunne. Kanwa tana da kabonet, lemon tsami yana da asid sitirik mai –COOH har uku, kumfan kuma CO2 ne. Gwajin asid ɗin da ke cikin littafinka ke nan. Sannan ɗiga aidin na wanke ciwo a kan ɗan gasarar koko, ka ga ya koma shuɗi mai duhu kamar baƙi: sitaci. Gani ya kori ji. Sauran gwaje-gwajen kuwa ka neme su a YouTube ka kalla. Kada ka yi wasa da kabaid ko asid mai kauri a gida, kuma ko a makaranta ba a ajiye ruwan Tollens, ana zubar da shi da an gama, don idan ya daɗe yana iya haifar da abin da ke fashewa.

Bari mu warware guda ɗaya tare

Ga irin tambayar da ke tsorata ɗalibai. Sinadari A fomularsa C3H8O. Yana fitar da haidirojin idan aka jefa masa sodiyom. Da K2Cr2O7 mai asid yana ba da B, wanda ba ya amsa Fehling. Da H2SO4 mai kauri da zafi yana ba da C, wanda ke kashe launin ruwan buromin. C da HBr yana ba da D. Faɗi A, B, C, D.

Kada ka fara da canka. Zana duk abin da C3H8O zai iya zama: CH3CH2CH2OH, CH3CH(OH)CH3, da CH3OCH2CH3. Na ukun ba shi da –OH, ba zai ba sodiyom haidirojin ba, ya fita. Saura biyu. Da firamare ne, da B ya zama alkanal ya amsa Fehling, ko ya wuce asid. Tunda tambayar ta jaddada rashin amsa Fehling, alkanon ake nufi, B shi ne CH3COCH3, A kuma CH3CH(OH)CH3. An zare masa ruwa, C furofin ne. Markovnikov ya ba ka D, CH3CHBrCH3. Ka ga ba mu fita daga taswirar kabon uku ba ko taku ɗaya.

Idan tambayar ta canji ce, wato yaya za ka sami kaza daga kaza, fara daga ƙarshe ka dawo baya, kuma ka fara ƙirga kabon. An ce daga buromoetan ka samo CH3CH2COOH. Biyu ya zama uku, sai ka tuna kibiyar da ka sa wa alama: KCN tukuna, sannan a dafa CH3CH2CN da asid sirkakke. Mataki biyu, an gama.

Ga wanda ya shiga jami'a

Tsarin bai canza ba, katunan ne za su ƙaru, kuma yanzu za a ce ka nuna tafiyar ilektiron da lanƙwasassun kibiyoyi. Kibiya tana tashi ne daga inda ilektiron suke, ɗauri ko tagwayen da ba su yi ɗauri ba, ta sauka inda ake buƙatarsu. Ba ta taɓa tashi daga H⁺. A nan za ka ga dalilin dokar Markovnikov: kabon mai cajin ƙari ya fi samun natsuwa idan wasu kabon sun kewaye shi, tashiyari ya fi sakandare, sakandare ya fi firamare. Wannan dalilin ne kuma ya sa wajen maye gurbi tashiyari ke bin hanyar da ake kira SN1, firamare ke bin SN2.

Mahaɗan da suka yi kama su za ka riƙa karantawa bibbiyu. NaBH4 yana yi wa alkanal da alkanon ridakshan, LiAlH4 ya fi shi ƙarfi, yana kaiwa har asid da esta, kuma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. PCC yana tsayar da firamare a alkanal, KMnO4 yana wucewa da shi asid. HBr shi kaɗai yana bin Markovnikov, HBr da feroksaid yana saɓa masa, kuma wannan saɓawar ta HBr ce kawai, ban da HCl da HI. H2 da katalis ɗin Lindlar yana tsayar da alkain a alkin. Mahaɗin Grignard, wanda ya jawo wa Bafaranshen da ya gano shi kyautar Nobel a 1912, da metanal yana ba da firamare, da sauran alkanal sakandare, da alkanon tashiyari, da CO2 kuma asid. A kan benzin, –OH da –NH2 da –CH3 suna tura baƙo matsayi na 2 da na 4, –NO2 da –COOH suna tura shi na 3.

Tishi

Duk wanda ya zauna gaban allo ya san hadda ba ta zama sai da tishi, kuma tishi ba kallon allo ba ne, kife shi ake yi a karanto da ka. Haka za ka yi wa taswirarka. Washegarin ranar da ka zana ta, ɗauki farar takarda, rufe komai, ka sake zana ta daga ƙwaƙwalwa. Sannan ka buɗe ta asali ka cike giɓin da jan biro. Jan da ka gani shi ne karatunka na ranar, ba sai ka koma farkon babi ba. Maimaita bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu. Tun 1885 Bajamushen nan Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farkon koyo, shi ya sa tishin farko ba ya jiran ƙarshen mako. Minti talatin kullum ya fi kwana guda cur ana dama da littafi har asuba.

Karanta littafi ana ja masa layi yana da daɗi, yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Ni dai ban yarda da wannan jin ba sai an gwada shi a farar takarda. Katunanka su zauna a aljihu, a cikin A Daidaita Sahu ko kana jiran malami ka zaro biyar. Wanda ka ci ka mayar da shi baya, wanda ya kayar da kai ya dawo gaba. Idan kuna da abokan karatu, ku zauna uku ko huɗu, ɗaya ya kira sinadari da mahaɗi, na kusa da shi ya faɗi sakamako da launi, na gaba ya faɗi dalili, da Hausa ma in ya fi sauƙi. Wanda ya iya bayyana dalilin da Hausa ya fahimta, sai dai amsar jarrabawa a koyi rubuta ta da Turanci yadda ake so.

Tambayoyin shekarun baya ka fara su da wuri, babi-babi, ba sai ka gama manhaja ba. Littattafan da ake sayarwa na amsoshi wani lokaci suna da kurakurai, don haka idan amsa ta saɓa wa taswirarka, koma babban littafi ko wurin malam kafin ka yarda da ita. Ka buɗe ɗan littafi na kurakuranka kaɗai: tambayar, abin da ka zaɓa, da abin da ya ruɗe ka. A makon ƙarshe wannan ɗan littafin da taswirori su ne abin karantawa.

A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 40 daga ciki na kemistiri, wato kusan daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Babu lokacin dogon tunani, don haka ka saba da kallon ƙarshen suna da yanayin da aka ambata kafin komai, ka zubar da zaɓi biyun da ba su da alaƙa, sannan ka auna sauran. A takardar rubutu ta WAEC da NECO kuwa, rubuta mahaɗi da yanayi a kan kibiya ko da ba a ce ka rubuta ba. In an ce ka zana tsari, nuna kowane ɗauri, har na tsakanin O da H. In gwaji ne, faɗi mahaɗin, faɗi launin farko da na ƙarshe, ka kuma faɗi abin da ya faru da ɗaya sinadarin ko da "babu canji" ne, don bambantawa aka ce ka yi, kuma shi ma wannan rabin yana da makinsa.